Shekarar da na koyi tsayawa da tuta a hannu

Tun ban haifi kowa a cikinku ba nake fama da tsoron titi. Gidanmu a ƙauye yana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Funtua ta nufi Gusau, kuma a nan bakin kwalta Inna, kakarku, take sayar wa direbobi abinci. Ƙasa kaɗan da rumfarta akwai wata muguwar kwana. Duk mun san ƙarar: taya ta yi kuka, a ɗan yi tsit, sai ka ji dum. Ba a tambayar kowa, ba a jiran kowa. Mai daka ta yar da taɓarya, mai alwala ya bar buta, kowa ya ruga. Mata su ɗebi ruwa da zannuwa, maza su ɗauki gatari don ɓalle ƙofa. Wanda ya tsaya yana kallo kuwa, ya daɗe ana nuna shi da baki a garin. Haka aka rene ni, ƙafata tana riga tunanina tashi. Da babanku ya kawo ni ƙasar Turawan nan, birnin Greensboro, sai aka ba mu ɗaki a bene na biyu a bayan babban titin Wendover, inda motoci ba sa yankewa. Duk birkin da aka taka da ƙarfi sai in miƙe, ko ina shayarwa, in leƙa taga. Abu ɗaya nake gani a raina: an buga mini waya da Turancin da ba na ganewa, ana gaya mini babanku ba zai dawo ba, ga ni da ku a ƙasar da ban san ko ina ake binne mutane ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, Ummi, ke ce. Kin dawo daga Islamiyya ran Lahadi fuskarki a kumbure, kika ce mini da Turanci wata yarinya ta ce mamanta ta ce da ina son babanku da ban bar shi yana wasa da ransa ba. Ban iya amsa miki ba a lokacin, don bakina ba ya kai abin da ke cikina idan Turanci ne. To ga amsar da Hausa. Ke da Halilu ku ajiye ta har ku iya karantawa da kanku.

Babanku makanike ne a wurin sayar da tsofaffin motoci na Alhaji Mamman, a kan titin Gate City Boulevard. Alhaji mutumin Maraɗi ne, shi ya riƙe babanku tun zuwansa, kuma shi ne uba a gare mu a nan. A shekarar da nake ba ku labari, Halilu yana goye, sai na lura wasu ranakun Asabar babanku yana dawowa daban. Warin da ke jikinsa ba na baƙin mai ba ne irin na kullum, warin ƙonanniyar roba ne. Idan ya cire riga, sai in ga jan layi biyu sun sauko daga kafaɗunsa kamar ya yi dakon kaya. Amma fuskar ce ta fi ba ni mamaki. Mutumin da yake shigowa a gajiye ya zauna ba ya ko son magana, ranar sai ya ɗauke ki ya cilla sama, ya ci tuwo har da neman ƙari. Wata Asabar na ajiye masa abinci, na zauna na zuba masa ido.

"Baban Ummi, wane irin gyaran mota ne yake yi wa mutum zane a kafaɗa?"

Ya ajiye cokali. Bai iya ƙarya ba, wannan kam ina gode wa Allah.

"Rabi, bel ne. Bel ɗin motar tsere."

"Tseren wa?"

"Nawa."

Ya yi ta bayani, wai fili ne na musamman, kwalta ce mai kyau da kwana-kwana, babu mai zuwa ta gaba, babu mai tafiya a ƙasa, motoci ɗaya bayan ɗaya ake saki, da agogo ake tsere ba da mutum ba. Ni dai kalma ɗaya na ji, kwana. Washegari na goya Halilu, na riƙe hannunki, muka hau bas har wurin Alhaji, don in kai ƙara inda ake kai ƙara. Na same shi a ofis yana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na fara magana kuka ya ci ƙarfina.

"Mi ya faru, ɗiyata? Ya taɓa ki ne? In kira shi yanzu in ci mutuncinsa."

Na ce ba duka ba ne, wani mara imani ne ya ba shi motar tsere, ina so Alhaji ya nemo mutumin ya ja masa kunne. Alhaji ya kurɓi shayi, ya dubi silin, ya gyara hula.

"Bon, to. Mara imanin nan dai, ga shi zaune gabanki."

Ashe wata ƙaramar mota ce da ta ƙi sayuwa, ta daɗe a bayan gareji, Alhaji ya ce babanku ya yi abin da ya ga dama da ita. Shi kuwa ya cire kujerun baya, ya sa aka yi mata keji na ƙarfe a ciki, ya gyara inji da hannunsa. Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma ban janye ba. Alhaji ya kira babanku, ya shigo yana goge hannu da tsumma, aka zaunar da shi kamar yaro. Hukuncin da Alhaji ya yanke shi ne in je in gani da idona sau ɗaya. Bayan nan duk abin da na ce, shi za a yi. Idan na ce a bari, shi Alhaji da kansa zai sayar da motar a matsayin ƙarfe. Ya sa babanku ya amsa a gabansa, ya amsa, muryarsa can ƙasa. A raina na riga na gama yanke nawa hukuncin. Zuwan dai don girman Alhaji zan yi.

Ban san yadda ake zuwa taro hannu rabbana ba, don haka na soya kaji da yaji, na yi dambun shinkafa cike da kula biyu. Babanku ya ce ba biki ba ne, na ce ko makoki ne ai ana cin abinci. Anti Saratu maƙwabciyarmu, 'yar Kafanchan da ke aiki a gidan kula da tsofaffi, ta ce za ta raka ni ta riƙe mini ku, kuma ta zama bakina idan an yi Turanci. Filin yana arewa da gari, can wajen iyakar Virginia, cikin tuddai da ciyawa kore shar. Na zaci zan tarar da 'yan iska masu shaye-shaye. Sai na ga iyalai sun baza kujeru a kan tudu, tsofaffi da jikoki, wani yana gasa nama, wata tana saƙa. Direbobin ma, wani dattijo ne mai furfura da ƙyar yake sunkuyawa ya shiga mota, wata kuma mace ce da 'yarta ke ɗaure mata hular kwano. Aka duba motar babanku ciki da waje kamar za a aurar da ita, aka ja bel ɗin, aka ƙwanƙwasa kejin.

Muka zauna a kan tudu saitin wata kwana mai siffar ƙugiya, igiya ta raba mu da filin. Motocin farko ban gan su ba, idona a rufe yake ina ta salati. Amma kunne ba ya rufuwa. Tun daga nesa kake jin mota tana tahowa, ƙarar tana hawa tana hawa, sai ta yanke kamar an shaƙe ta, ta yi tari biyu, sannan ta sake buɗe murya. A ƙirji kake jin abin, ba a kunne kaɗai ba. Da na buɗe ido, sai na ga ashe ba hauka suke yi ba. Kowace mota tana buɗewa can gefe, ta sunkuyo ta shafi bakin kwanar ta ciki, ta fita a miƙe. Wani yana yi da faɗa, motar tana wutsil-wutsil, tayoyi suna ihu. Dattijon nan mai furfura kuwa ya zo ya wuce sumul kamar an zuba ruwa a kwata, ko kukan taya babu, sai duk tudun ya ɗauki tafi. Na tsinci kaina ina tafi ni ma. Anti Saratu ta zungure ni.

"Maman Ummi, ke da kika zo rufe kasuwa, ya na ga kina ciniki?"

Na ce ta rabu da ni, hannuna ne yake ƙaiƙayi.

Kafin layin babanku ya zo, aka ɗan yi yayyafi, irin wanda ko mayafi ba ya jiƙawa. Na hango motarsa, shuɗiya, tana gangarowa. Ya shigo kwanar, sai bayan motar ya zame ya riga gaban, ta juya sau ɗaya, ta tafi da baya ta daki tarin tayoyin da aka jera a gefe. Taya ta yi kuka, aka yi tsit, na ji dum.

Ban san lokacin da na miƙa wa Anti Saratu Halilu ba. Na ga dai gorar ruwa a hannuna ɗaya, mayafina a ɗayan, na riga na sunkuya ta ƙarƙashin igiya ina gudu a gangaren. Ina jin ana ihu a bayana, na ɗauka su ma tahowa suke yi. Ina hango babanku ta gilashi, zaune, hannu biyu a kan sitiyari, ko motsi ba ya yi. Saura taku kaɗan in hau kwalta sai wani abu mai nauyi ya cafke ni ta ƙugu, muka zube a ciyawa tare. A daidai nan motar da aka sako bayan tasa ta wuce ta gabanmu, ita ma tana zamewa, iskarta ta ɗauke mayafin daga hannuna. Inda ta bi, nan ƙafata za ta kasance.

Wadda ta kayar da ni wata baƙar fata ce, babbar mace mai furfura, sanye da fararen kaya, ɗaya daga cikin masu tsaron kwana da tuta. Sunanta Loretta. Ta danne ni da jikinta tana magana a rediyon da ke kafaɗarta, ina ta fizge-fizge ina ce mata da Hausa mijina ne, ku taimake shi, ku marasa tausayi ne. Sai da aka ɗaga jar tuta ko'ina, duk motoci suka tsaya, sannan motar ceto ta iso. Suka yi masa magana ta taga, ya kwance bel, ya fito da ƙafarsa. Ko ƙwarzane babu. Ashe zaman da ya yi dokar wurin ce: idan ka yi karo, ka zauna a ɗaure cikin kejinka har a tsayar da sauran, don a nan ka fi tsira. Ya cire hula yana murmushin jin kunya, sai ya hango ni a ciyawa ta cikin igiya. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar babanku irin na ranar ba. Nan take ya zauna a ƙasa.

Shugabannin wurin suka kira shi. A dokarsu duk baƙon da ka kawo yana wuyanka, don haka suka dakatar da shi har ƙarshen shekara. Bai yi musu ba. Ina zaune a bayan motar Anti Saratu, sai ga Loretta ta zo, gwiwar wandonta duk kore. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ta leƙa kular da ke buɗe, ta nuna kaza da yatsa. Na zuba mata. Ta ci, yaji ya kama ta, ta yi ta hura baki tana hawaye tana ƙara ɗauka. Sannan ta yi magana, Anti Saratu tana juya mini.

"Ta ce kin kusa kashe kanki da yaron da ke cikin waccan motar, kuma kin kusa karya mata ƙugu."

Na sunkuyar da kai.

"Ta ce amma ta daɗe a wannan aikin, kuma yawancin mutane idan abu ya faru daskarewa suke yi, ko su ɗaga waya suna ɗauka. Wai ba ta iya koya wa mutum ya nufi wurin. Abin da take iya koyarwa shi ne yaushe. Ta ce suna neman mutane, idan kina so."

Na ce a gaya mata na gode, amma ni da wurin nan har abada.

To kun ga na samu abin da nake so ba tare da na buɗe baki ba. Motar ta koma bayan gareji aka lulluɓe ta. Babanku bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, ko sau ɗaya. Yana zuwa aiki, yana dawowa, yana sayo madara, yana kai mu masallaci. Amma mutumin nan na ranar Asabar ya tafi. Wata rana da yamma muna zaune a baranda muna kallon motocin Wendover, na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, wai me yake samu a ciki.

"Rabi, duk mako ina ƙarƙashin motar wani. Mai mota yana tsaye a kaina yana magana da ni kamar ban san komai ba, ina cewa yes sa. Kaina cike da gida, da can gida, da takardun zama. Amma idan aka ɗaga mini hannu aka ce tafi, babu komai a duniya sai kwanar da ke gabana. Kaina yana yin shiru. Ban san wani wuri da yake yin shiru haka ba sai a sujada."

Ya nuna titi da haɓa.

"Kuma wallahi nan ya fi ba ni tsoro. Dubi waccan, tana tuƙi waya take dannawa."

Abin da ban gaya masa ba shi ne ni ma ina tuna dattijon nan da yadda ya sha kwanar, kuma idan ina wanke-wanke sai in ji ina bin ƙarar a raina, inda take hawa da inda take yankewa. Na kuma yi ta tunanin matar da ta jefa tsufanta a kaina ba ta san ko sunana ba. Tsorona bai ragu ba. Na dai gane cewa ko na hana shi, tagar nan zan ci gaba da leƙawa, ba abin da zan iya yi wa kowa daga bene na biyu.

Da sanyi ya wuce, Alhaji ya aiko a tambaye ni hukuncina, don wani yana son sayen motar. Muka je tare da babanku. Na durƙusa na ce ya koma, amma da sharaɗi: duk ranar da zai shiga filin, ina tsaye a kwana da tuta. Alhaji ya dube ni ya dubi babanku.

"Kai, ka ji. Yanzu in ka yi wauta, madam ce za ta rubuta ka."

Babanku ya rufe fuska da tsumman hannunsa, mai da komai, ya daɗe bai cire ba.

Loretta ce ta koya mini aikin, rabi da Turanci rabi da hannu. Rawaya, a rage gudu akwai matsala a gaba. Ja, kowa ya tsaya. Mai ratsin ja da rawaya, kwalta tana da santsi. Abin da ya fi shiga raina shi ne yadda ake tsayuwa. Mutum biyu ne a kowace kwana, suna fuskantar juna. Ɗaya yana kallon motocin da ke tahowa, ɗaya yana kallon waɗanda suka wuce, ya ba wa masu tahowa baya. Wanda ya juya baya, ransa yana hannun ɗan'uwansa, idan ya ga an ja shi, ba ya tambaya, faɗuwa yake yi. Ranar farko da na ba wa motoci baya ina kallon fuskar Loretta, gumi har cikin takalmina. Yanzu ita take juya baya, ni nake tsaron ta. Tana kirana ƙanwarta, ni kuma ina ce mata Anti, kuma har yau ba ta daina roƙon kazar da ke sa ta kuka ba.

Abin bai zo kyauta ba. Da labari ya kai gida, Inna ta kira ni.

"Rabi, da bakinki kika ce ya koma? Ke da kika ga abin da muka kwasa a kwanar nan da hannunmu?"

Na ce Inna, shi ya sa. Ta kashe waya. Ta yi watanni ba ta ɗaukar kirana, sai dai in ji lafiyarta a bakin ƙanwata, kuma ko da ta sauko, har yau ba ta tambayata labarin ranar Asabar. A wurin suna ko walima, na san lokacin da hira take canzawa idan na shigo. Wasu suna cewa na zama baturiya, ina sa wando ina tsayuwa cikin maza. Doguwar riga nake sawa a kan farin wandon, da hijabina a soke cikin kwala don kada iska ta ja, amma ban bi kowa da bayani ba.

A shekarar da ya koma, babanku ya sake zamewa, kuma a kwanata. Na ga shuɗiyar motar ta bar kwalta ta shiga tsakuwa, ƙura ta tashi. Ƙafafuna suka ce tafi. Na dafe su a ƙasa, na ɗaga rawaya ina kaɗawa da duk ƙarfina, na faɗi lambarsa a rediyo kamar lambar kowa. Motar da ke biye ta gani, ta rage gudu, ta wuce shi lafiya. Sai da aka ce an tsayar da kowa sannan na waiwaya sosai. Ya ɗago mini hannu ta taga. Loretta ce ta karɓi tutar daga hannuna don na kasa buɗe yatsuna.

Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen nan. Alhaji da bai yanke hukunci a bayana ba, Anti Saratu da take riƙe ku a kan tudu tana toshe wa Halilu kunne, Loretta, da babanku da ya ba da alkawari ya kuma tsaya a kai har lokacin da abin ya yi masa ciwo. Har gobe ina karanta addu'a a kan hularsa kafin ya sa, kuma har gobe ina jin tsoro idan na ji an kira lambarsa. Ban ce muku babu haɗari ba, akwai.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Idan Allah ya ƙaddara wani abu ya same shi a filin nan wata rana, kada ku bari a ce muku babanku ya yi son kai ya bar ku, kuma kada ku riƙe shi shi kaɗai a zuciyarku. An ba ni zaɓi a gaban babba, da hankalina, na ce ya tafi. Ku raba abin biyu, rabi nasa rabi nawa, ku yi mana addu'a tare.